Siyasar Kwance Ɗamara: Daga Zaurukan Duniya Zuwa Dajin Tsafe

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa daga nan Sabon Garin Gusau. Gaisuwa ga iyayenmu na Tsafe da Yandoto, da na Bunguɗu da Kwatarkwashi. Direbobin da ke kan hanyar Funtuwa da rediyo a kunne, Allah ya sauke ku lafiya. 'Yan'uwanmu da suka baro garuruwansu ba da son ransu ba, suna raɓe a gidajen dangi da kangaye a cikin Gusau, Allah ya mayar da ku gida cikin aminci.

Yau maganar makamai za mu yi. Kuna jin labaran duniya ana cewa an zauna a Janeba ko a New York kan kwance ɗamarar yaƙi da taƙaita makamai, sai mutum ya ɗauka zancen manya ne, babu ruwan manomin Wanzamai da shi. To akwai ruwansa, har ya fi na kowa. Bindigar da ta hana shi zuwa gona wata ƙasa ce ta ƙera ta, wani ya sayar, wani ya sa hannu a takardar fitar da ita, ta ratsa iyakoki da shingaye kafin ta iso dajin Munhaye ko na Kuyambana. Kowane mataki a cikin wannan tafiya akwai dokar da ta shafe shi, kuma kowace doka akwai siyasar da ta haife ta.

Bari mu fara daga gida. Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san dutsen Kwatarkwashi. A watan Fabrairun 1903, bayan Turawan Ingila sun ci birnin Kano, rundunar Kanawa da ke dawowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi kiciɓis da wata 'yar ƙaramar rundunar sojan Turawa a wannan yanki. Sojan ba su kai mutum 50 ba, jagoransu wani ƙaramin hafsa ne mai suna Wallace Wright. Kanawa kuwa, barade da dakaru, dubbai ne a ƙidayar Turawan kansu. Suka yi ta kai sukuwa, ana ta zuba musu wuta, har Waziri da manyan jarumawa suka faɗi a wurin. Babu mai cewa jarumta ce ta gaza. Takobi da mashi da bindigar toka ne suka gamu da bindigar zamani mai ɗurin baya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan bambanci an shirya shi tun shekara 13 kafin ranar. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a birnin Brussels na Beljiyam, suka sa hannu a wata yarjejeniya da sunan yaƙi da cinikin bayi. A ciki suka hana sayar da bindigogin zamani da harsasansu ga mutanen mafi yawan nahiyar Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogin ɗuri da albarushin kasuwa. Tana ɗaya daga cikin yarjejeniyoyin farko na duniya kan taƙaita cinikin ƙananan makamai, kuma amfaninta na zahiri shi ne mai mamaya ya riƙe mai kyau, wanda za a mamaye ya riƙe tsohuwa. Ku riƙe wannan a ranku, domin duk lokacin da aka ce za a taƙaita makami, tambayar farko ita ce: na wa za a taƙaita, wa kuma zai ci gaba da riƙe nasa?

Ranar 13 ga Fabrairun 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi, don kowa ya san iskar hunturu daga can take busowa, ta sauke ƙurarta a rijiyoyinmu da gonakinmu. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen wannan shekara, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ba ta wuce wata uku da samun mulkin kai ba, ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961, ta hana jiragen Faransa na sama da na ruwa sauka a Nijeriya. Ni kam duk sanda na tuna wannan sai in ji girman mutumin ya ƙaru a idona. Jaririyar ƙasa, ba ta da bam, ba ta da wani ƙarfin soja, ta dubi ɗaya daga cikin manyan duniya ta ce ba ta yarda ba.

A 1968 aka ƙulla babbar yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya, ta fara aiki a 1970. Cinikin da aka yi a ciki mai sauƙin ganewa ne. Ƙasashe biyar, Amurka da Rasha da Ingila da Faransa da Sin, an yarda suna da makamin. Sauran duniya suka yi alkawarin ba za su nema ba. Su kuma biyar ɗin suka yi alkawarin za su tattauna da gaskiya har a kai ga kawar da shi baki ɗaya. Fiye da shekara 50 ke nan, har yanzu akwai kawunan nukiliya kusan 12,000 a duniya, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha. Indiya da Pakistan da Isra'ila ba su taɓa shiga ba. Koriya ta Arewa ta fice a 2003.

Afirka kuwa ta cika nata alkawarin. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida, ta wargaza su da hannunta, ta shiga yarjejeniyar a 1991. A 1996 aka sa hannu a birnin Alƙahira kan yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makamin a duk faɗin nahiyar. Nan kusa da mu a Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004. A 2018 aka cire yuraniyom ɗinta mai ƙarfin tacewa, irin wanda ake tsoron a yi bam da shi, aka mayar wa ƙasar Sin, aka sa mai rauni a madadinsa. Ƙwararru daga ƙasashe daban-daban suka zo, aka auna, aka rubuta, aka raka kayan har jirgi. Dubi irin kulawar da duniya ta bai wa abin da nauyinsa kimanin kilo guda ne kawai.

To, ina irin wannan kulawa ga makamin da ke kashe mu?

Mu a Zamfara babu wanda bam ɗin nukiliya ya taɓa kashewa. AK-47 ce ta kashe mutum 48 a Kizara ta ƙaramar hukumar Tsafe a 2013. Ita ce ta kashe fiye da mutum 100 a 'Yargaladima a 2014. Da ita aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, da ita aka shiga Sabon Gida ta ƙasar Bunguɗu a Satumban 2023 aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa ƙarƙashin tsohon Sufeton 'Yan Sanda na Ƙasa M. D. Abubakar ya ba da rahoto a 2019 cewa daga 2011 zuwa lokacin an kashe fiye da mutum 6,000, an bar marayu fiye da 25,000. Tun a shekarar 2000 Kofi Annan, yana shugabancin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce in dai ɓarnar da suke yi za a duba, ƙananan makamai su ne suka cancanci a kira makaman ƙare-dangi. Gaskiya ya faɗa.

Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da biliyan ɗaya a duniya, miliyan 857 daga ciki a hannun farar hula. Rabon Nijeriya a wannan lissafi ya haura miliyan shida. Amma sai a 2013 duniya ta samu dokar farko da ta ɗaure ƙasashe kan cinikin makamai na yau da kullum. Ranar 2 ga Afrilu na wannan shekara, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da yarjejeniyar cinikin makamai da ƙuri'a 154. Iran da Siriya da Koriya ta Arewa suka ƙi. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da ita, a watan Agustan 2013.

Me yarjejeniyar ta ce? Ba ta hana sayar da makami ba. Ta ce kafin ƙasa ta sayar, ta duba ko za a yi kisan kiyashi ko ta'addanci da shi, ko zai sulale ya faɗa hannun da ba a nufa ba. Amma wa zai yi dubawar? Mai sayarwar da kansa. Babu sufeto daga waje, babu hukunci. Amurka, wadda ita kaɗai ke fitar da fiye da kashi 40 cikin 100 na manyan makaman da ake ciniki a duniya, ta sa hannu amma majalisarta ba ta tabbatar ba, kuma a 2019 Shugaba Trump ya ce ya janye hannun. Rasha ba ta taɓa shiga ba. Sin ta shiga a 2020. Kuma ku lura, ƙasashe huɗu da suka fi kowa sayar da makamai tsakanin 2020 da 2024, Amurka da Faransa da Rasha da Sin, duk suna cikin masu kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu. Waɗanda aka ɗora wa tsaron zaman lafiyar duniya su ne manyan dillalan kayan yaƙinta.

Wurin da aka fi cutar da mu shi ne harsashi. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun dage a teburin tattaunawa cewa a sa harsashi cikin dokar daidai da bindiga. Amurka ta ƙi. Aka ƙare da rabin doka: ana duba fitarsa, amma babu tilas a kan ƙasa ta ba da rahoton yawan da ta sayar. Alhali kowane maharbi ya san bindiga irin AK tana iya shekara 40 tana aiki, harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. Ɗan bindiga yana iya sayen bindiga sau ɗaya a rayuwarsa, amma kullum yana neman harsashi. Shi ya sa sau da yawa yake haɗa kuɗin fansa da babura da man fetur, abin da ya samu kuma kaso mai yawa na komawa wajen dillalin albarusai.

Sai labarin Libiya, wanda ya shafe mu ta fuska biyu. A Disambar 2003 Gaddafi ya sanar da cewa ya yi watsi da shirinsa na makaman ƙare-dangi, ya buɗe ƙofa, aka kwashe kayan. Turawa suka yaba masa, shugabanninsu suka yi ta kai masa ziyara a tantinsa. Kusan shekara takwas bayan haka jiragen NATO suka yi wa sojansa ruwan wuta, Faransa ta amsa cewa ta jefa wa 'yan tawaye makamai ta sama, a Oktoban 2011 aka kashe shi a Sirte. Rumbunan makaman da ya shekara 42 yana tarawa suka zama babu mai gadi. Cikin wata uku arewacin Mali ya kama da wuta. Sauran kayan suka bi hanyoyin hamada zuwa Agadas, wasu suka gangaro har dazuzzukan da suka haɗa Maraɗi da Jibiya da Zurmi da Shinkafi. Waɗanda suka yanke shawarar kai harin sun koma gidajensu, mu aka bari da tarkacen.

Fuska ta biyu ita ce darasin da masu riƙe da makami suka ɗauka. Tun ana cikin harin, Koriya ta Arewa ta fito ta ce abin da ya sami Libiya ya nuna kuskure ne ƙasa ta miƙa makamanta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Yukiren ma ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa alkawarin Budapest na 1994 cewa za a mutunta iyakokinta, kun kuma ga abin da ya biyo baya. Wanda ya ga an ci amanar wanda ya ajiye makami, da wuya ya ajiye nasa. Wannan ƙa'ida tana aiki a fadar shugaban ƙasa, tana kuma aiki a ruga da ƙauye.

Amma kada mu ɗora komai a kan Libiya mu wanke kanmu. A Janairun 2020 ƙungiyar Conflict Armament Research, masu bin sawun makamai ta lambobin jikinsu, ta fitar da rahoto kan bindigogin da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna. Sun sami na Libiya, sun sami waɗanda suka fito daga rumbunan Kodebuwa, sun sami bindigogin Turkiyya da aka shigo da su ta ruwa, da yawa an kankare lambobinsu. Sun kuma sami waɗanda asalinsu na jami'an tsaron Nijeriya ne. A 2017 kaɗai hukumar kwastam ta kama bindigogi 2,671 a Legas cikin kamu huɗu. Sannan rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙasa na shekarar 2019 ya ce makamai da albarusai 178,459 na 'yan sanda babu bayanin inda suke, daga ciki AK-47 guda 88,078. Wasu an ƙwace su ne bayan an kashe masu riƙe da su a bakin aiki, Allah ya jiƙansu. Amma adadi irin wannan ba a filin daga kaɗai yake ɓacewa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Yanzu mu zo kan namu gwajin na kwance ɗamara, don Zamfara ta gwada kusan kowace dabara.

A ƙarshen 2016, zamanin Gwamna Abdul'aziz Yari, aka yi sulhu da jagoran 'yan bindiga Buharin Daji, aka karɓi makamai, aka ɗauki hotuna. Ba a daɗe ba aka koma gidan jiya, shi kansa Buharin aka kashe shi a daji a Maris na 2018. A 2019 Gwamna Bello Matawalle ya buɗe sabon sulhu. Mu faɗi gaskiya, an sako ɗaruruwan mutanen da ke ɗaure a daji, kasuwanni sun buɗe, an yi wasu watanni ana barci. Uwar da ɗanta ya dawo a wannan lokaci ba za ta yarda a ce mata sulhun banza ne ba, ni ma ba zan ce mata haka ba. A Yulin 2020 gwamnati ta yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya kawo AK-47. Hujjar ita ce in an ba da kuɗi za a sayi wata bindigar. Amma saniya ma ana kai ta kara a sayar. Kuma muddin hanyar shigo da sabuwa a buɗe take, biyan lada kan tsohuwa yana iya zama jari ga mai shigowa.

Labarin Auwalun Daudawa ya ishe mu misali. Shi ya jagoranci kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020. A Fabrairun 2021 aka kawo shi gidan gwamnati nan Gusau, ya miƙa bindigogi kusan 20, ya rantse da Alƙur'ani. Kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, can aka kashe shi a faɗa da wata daba. Tambayar da ya kamata a yi ranar rantsuwar ita ce: guda nawa yake da su? Babu wanda ya ƙirga kafin a karɓa, don haka babu wanda ya san ko kashi nawa aka miƙa. Da ya koma, bai rasa abin harbi ba.

Da sulhu ya rushe sai aka juya baki ɗaya. A Satumban 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. A Yunin 2022 gwamnatin jiha ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga su kare kansu, 'yan sanda suka ce ba su ba da lasisi, domin dokar makamai ta 1959 ta tarayya ce, gwamna ba ya da iko a kanta. Wata guda bayan haka, a Yandoto, aka naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan biyar a kansa, har gwamnati ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal, wanda ya ce babu sulhu, ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara fiye da 2,600. Cikin shekara takwas mun karɓi bindiga, mun sayi bindiga da shanu, mun ce kowa ya nemi bindiga, mun ɗauki masu riƙe bindiga aiki. Katsina tana sulhu Zamfara tana yaƙi, in an jima a yi musaya, ɗan bindiga kuwa daji ɗaya ya sani.

Me ya sa wani kwance ɗamarar yake ɗorewa? A 1987 Reagan na Amurka da Gorbachev na Tarayyar Sobiyet suka amince su kawar da makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango. Ba ƙaunar juna suke yi ba, ba su kuma yarda da juna ba. Abin da suka yi shi ne, kowa ya kawo lissafin abin da yake da shi tun farko, sufetocin Rasha suka shiga sansanonin Amurka, na Amurka suka shiga na Rasha, aka yanka makaman a gaban idon juna. Kafin tsakiyar 1991 an lalata 2,692. Yarjejeniyar ta yi shekara fiye da 30 kafin siyasa ta kashe ta a 2019. A Tumbuktu, ranar 27 ga Maris 1996, aka tara bindigogi kusan 3,000 na 'yan tawayen arewacin Mali aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Agadas ta yi irin wannan a Satumban 2000. A gida kuma, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bai wa tsagerun Neja Delta wa'adin kwana 60 a 2009, aka rubuta sunan kowa, aka kai su sansanin horo, aka sa musu alawus na naira 65,000 a wata. Shirin yana da aibobinsa, ya ci kuɗi ba kaɗan ba, kuma wutar Mali ta sake tashi daga baya saboda alkawuran da ba a cika ba. Duk da haka an ƙirga, an rubuta, an lalata, an kuma tanadi abin da mutum zai yi washegarin ranar da ya ajiye.

A namu sulhun, ina rajistar? Bindigogin da aka karɓa a 2016 da 2019 da 2021, ina lambobinsu, ina suke yau? Talaka yana da haƙƙin ya sani. Bindigar da aka karɓa aka jefa a ɗakin ajiya ba tare da lamba ba, tana iya komawa daji kafin damina ta zagayo.

Sai maganar tsoro, wadda ita ce tushe. Ɗan sa-kai na ƙauye zai ce maka: in na ajiye harba-ka-rugata, wa zai tare su in sun zo da dare, alhali jami'an tsaro suna nesa? Gaskiyarsa. Bafulatanin ruga, wanda ba ɓarawo ba ne, zai ce maka: an kashe ɗan'uwana a kasuwa a kan zato, babu wanda aka kama, an cinye burtali, an tare mashaya, in na zauna hannu sake ni ne na gaba. Shi ma akwai gaskiya a bakinsa. Manyan 'yan ta'adda da suka mai da satar mutane da harajin noma sana'a suna cin moriyar wannan tsoro, da shi suke ɗibar yara. Waɗannan manya, ra'ayina a fili yake, kotu ce makomarsu, ba rawani ba. Amma yaron da aka ba bindiga yana shekara 14, da makiyayin da ya saya don tsoro, da ɗan bangan da ya haɗa kuɗi da maƙwabta, ba za su ajiye ba sai sun ga ɗaya ɓangaren yana ajiyewa a lokaci guda, kuma akwai hukumar da za ta tsaya a tsakani ta hukunta wanda ya karya, ko wane ne shi. Kwance ɗamarar ɓangare ɗaya, mun ga irinsa a Kwatarkwashi, mun ga irinsa a Libiya.

Abin takaici, doka mai kyau muna da ita a takarda. A Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar ECOWAS ta ƙananan makamai ranar 14 ga Yunin 2006, ta fara aiki a 2009, kuma ta fi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarfi. Ta haɗa da harsashi. Ta hana shigo da makami yankin sai da izini na musamman. Ta wajabta buga lamba a jikin kowace bindiga, da kafa hukuma ta ƙasa mai kula da lamarin. Nijeriya, inda aka sa hannun, sai a 2021 ta kafa cibiyarta ta ƙasa, dokar da ta ba cibiyar ƙarfi kuwa sai a 2024 aka sa mata hannu. Ana cikin haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Duk saɓanin da ke tsakanin Abuja da Yamai, dillalin makamai bai san da shi ba, sai ma daɗi da ya ji. Jami'in Maraɗi da na Gusau dole su ci gaba da magana da juna, ko shugabanni suna gaisawa ko ba sa yi. Tarayyar Afirka ta yi alkawarin rufe bakin bindiga kafin 2020, ta ɗage zuwa 2030, ta kuma ware watan Satumban kowace shekara don miƙa makami ba tare da hukunci ba. Mutum nawa ne a Tsafe suka taɓa jin wannan?

Akwai kuma rabonmu, mu mutanen gari. Harsashi ba ya tashi sama ya sauka a daji. A cikin buhun hatsi yake tafiya, a cikin galan na manja, a ƙarƙashin kujerar mota. 'Yan sanda sun sha nuna mata da aka kama da ɗaruruwan harsasai a cikin kayansu, an kuma sha kama jami'an tsaro da laifin sayarwa. Iyayenmu mata, in aka ba ku saƙo a ɗaure aka ce kar a buɗe, aka haɗa da kuɗin da ya fi ƙarfin aiken, ku ƙi karɓa. Shugabannin tasha da 'yan kamasho, ku san abin da ake lodawa a motocinku. Maƙeranmu masu gyaran bindigar farauta, ku san wa kuke yi wa aiki. Malamanmu, ku faɗa a kan mumbari cewa mai kai harsashi yana da kaso a jinin da aka zubar da shi.

Ga masu mulki kuma, daga kansila har ɗan majalisar dattawa, in sun zo neman ƙuri'a ku tambaye su abu uku a bainar jama'a. Bindigogin askarawa da na 'yan sandan da ke jihar nan, an buga musu lamba an rubuta sunan mai riƙe da kowace? Waɗanda aka ƙwato daga daji, yaushe za a karanta adadinsu a lalata su a fili, a gaban sarakuna da malamai da ardo-ardo da iyayen waɗanda aka kashe? Kuma mutum nawa aka gurfanar a kotu, aka yanke wa hukunci, kan sayar da harsashin gwamnati? Wanda ya kasa amsawa, ku riƙe ƙuri'arku.

Nan za mu dakata, jama'a. Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai ji ba. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya ba mu damina mai albarka da ikon girbe ta. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.